Layin Da Ban Canza Ba

Shagona a Mubi ɗan ƙarami ne, amma shafukan intanet huɗu nake riƙe wa mutane a kan kwamfuta ɗaya da na yi haya a wata ƙasar da ban taɓa takawa ba. Kowane shafi yana cikin kwantenarsa, wato akwatin manhaja da ba ya cuɗanya da na kusa da shi. A bakin ƙofarsu akwai wata manhaja da ake kira furoksi, ni dai mai gadi nake ce masa. Mutum ya buga adireshi a wayarsa, mai gadi ya duba, ya kai shi akwatin da ya dace. Abin da ya sa ya kwanta mini a rai, ba sai na koya masa komai ba. In na tayar da sabuwar kwantena, na rubuta adireshinta a layi ɗaya, shi da kansa zai gani ya buɗe hanya. Na sha cika baki da wannan a teburin mai shayi, ga mutanen da ba su tambaye ni ba.

Shafin da ya fi jama'a na 'yan hatsi ne, inda wani Alhaji ɗan Borno ke sa farashin masara da wake da ake kawowa daga Digil. Wanda ya fi ɓoyuwa kuma na wata ƙungiyar makiyaya ne. Nan suke rubuta shanun da aka sace, da mai su, da wanda ake zargi. Shugabanni uku kaɗai ke da kalmar sirri, su ma ba sa buɗewa sai ranar kasuwar shanu.

Wanda ya fara yarda ya faɗi suna wani dattijo ne daga bayan Gella. Ya zauna a bencina, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, yana kallon allon kamar zai cije shi.

"Wannan abu, wa zai gani?"

"Mutum uku, Baffa."

"Kai fa?"

"Ni na huɗu."

Sannan ya faɗi sunan wanda yake zargi, wani dillali da suke gaisawa kowace kasuwa. Na buga da hannuna, na kuma rantse masa ba wanda zai gani sai mu huɗu.

Da damina, wata Juma'a, na sake gina kwantenar makiyayan. An kusa tayar da salla, ni kuwa Allah ya yi ni da ƙyuyar rubuta abu sau biyu. Na kwafi takardar saitin 'yan hatsi, na canza komai a guje, ban da layin adireshi. Mai gadi ba ya tambaya. Ya ga akwati biyu da adireshi ɗaya, sai ya shiga raba musu baƙi bi da bi, wannan ya ga masara, na bayansa ya ga shanu. Kalmar sirrin kuwa a jikin adireshin makiyaya na ɗaura ta, ba a jikin akwatin ba. Ta ƙofar 'yan hatsi babu ko sakata.

Ranar Litinin da hantsi Alhaji ya kira.

"Injiniya, me shanu yana yi a shafin mu?"

Na buɗe a wayata, masara ce. Na yi dariya, na ce netiwok ne, ya kashe wayar ya kunna. Har na ce wa maƙwabcina tela Alhaji ya fara tsufa. Wannan dariyar har yau tana ba ni kunya.

Bayan azahar sai ga Alhaji da kansa, ya ɗora wayarsa a teburina. Masara. Ya ja allon da yatsa, sai ga sunan Baffa, da rugarsa, da sunan dillalin a ƙasa.

"Wannan dillali, na san shi," in ji Alhaji a hankali. "Kowa ya san shi."

Gyaran bai ci minti ɗaya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na buɗe rajistar mai gadi, inda yake rubuta duk wanda ya shigo. Kwana uku ƙofar tana buɗe. Yawanci sun leƙa sun wuce. Amma akwai waya ɗaya da ta yi ta dawowa tun ranar Asabar, in ta faɗa kan masara ta sake ja, har sai ta samu shanu, kuma shafin Baffa kaɗai take buɗewa. Rajistar lamba take nunawa, ba ta nuna fuska.

Na so in yi shiru, wallahi na so. Washegari dai na shiga bas ɗin Gella, daga nan na taka da ƙafa, na naɗe wando na tsallake mayo, wato rafi. Na sami Baffa yana ɗaure maruƙa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina jan ta don kada ta ƙare. Sannan na faɗa masa, ban sa mai gadi a maganar ba, na ce ni ne.

Bai ɗago ba. Ya gama ƙullin igiyar, ya gwada ƙarfinsa.

"Mutum nawa ya gani?"

"Ban sani ba, Baffa."

"Ka ce huɗu."

Ya miƙe yana duban hanyar da na biyo, har can bakin mayo.

"Shi ya sa," ya ce. "Jiya dillalin ya aiko a gaishe ni. Shekara da shekaru muna tare, bai taɓa aikowa ba. Ya ce a tambaya ko har yanzu yarana suna kwana wajen shanu."