Wasiƙar Kumasi da na karanta da ka

A shekarun farko bayan samun mulkin kai ina aji uku a kwaleji a Tahoua, kuma a duk ƙauyenmu da ke kusa da Affala ni kaɗai na kai nan a boko. Faransanci na zuba a bakina kamar ruwa, kaina kuwa ya kumbura. Darasin Ingilishi ne na raina. Ina ganin harshen ƴan Nijeriya da Gana ne, me zai yi wa wanda zai zama ma'aikacin gwamnati a Yamai? Duk ranar darasin sai in laɓe bayan aji, ko in ce cikina na ciwo. Amma a gida na cika baki cewa babu harshen Nasara da ya gagare ni, babana kuma ya yarda.

A garinmu in wasiƙa ta zo, ba a buɗe ta a ɗaki. A ƙofar gida ake shimfiɗa tabarma, dattawa su zauna, mai karatu ya karanta kowa na ji. Ina hutu a gida sai ga wasiƙa daga Kumasi, inda wana ya tafi biɗar kuɗi shekara biyu ba labari. Babana ya miƙo mini ita yana murmushi, ya ce wa mutane yau ba sai an je neman kowa ba. Na buɗe. Ingilishi ne tun daga sama har ƙasa. Sunan wana na gane, sai kalma ɗaya mai kama da ta Faransanci, wato asibiti. Ido ya yi mini yawa. Maimakon in ce ban iya ba, sai na ji bakina na cewa yana lafiya, ya samu aikin gadi a asibiti, yana gaida kowa. Innata da ke bayan darni ta rangaɗa guɗa, washegari ta dama fura ta raba sadaka.

Na roƙa a bar mini takardar, na koma makaranta da ita cikin akwatina. Idan ana darasi hankalina na kan akwatin. Idan na ga wani ɗan garinmu a kasuwa sai in zaci mugun labari ya kawo. Malamin Ingilishi na nan kullum, taku goma ne tsakaninmu, amma kunya ta hana ni, don na san zai tambaye ni ina nake duk watannin da yake koyarwa. Na ari ƙamus na riƙa tsintar kalmomi ɗaya ɗaya a ɓoye. Na tsinci ciwo, na tsinci zo, na tsinci da sauri. Wallahi da na ga ta ukun sai da na zauna a ƙasa. Duk da haka na ƙara kwana huɗu ina faɗa wa kaina ƙila ban fahimta daidai ba.

Sati uku cif kafin na kai wa malamin. Ya karanta a tsaye, ya duba kwanan watan, ya dube ni. Bai yi faɗa ba, kuma na so a ce ya yi. Ya ce wani ma'aikacin asibiti ne ya rubuta, wana na kwance da ciwon ƙirji, yana roƙon wani nasa ya zo ya ɗauke shi ya kai shi gida. A ranar na kama hanyar ƙauye da ƙafa. Na tarar da babana yana gyaran rumbu, na faɗa masa komai. Sai ya tambaye ni ko tun ranar na san ban iya ba. Na ce na sani.

Ya bi motar ƴan goro, ya yi kwanaki a hanya. Da ya isa, sai ƴan yankinmu na Adar da ke zango, unguwar baƙi, suka nuna masa kabari. Kwana shida da binnewa. Sun ce duk wanda ya shigo ɗakin da yake kwance sai wana ya ɗaga kai ya duba ko daga gida ne.

Na san kwana na Allah ne, ban ce da zuwan babana zai warkar da shi ba. Amma da ya rasu yana ganin fuskar ubansa, kuma ni na hana. Daga baya na koyi Ingilishi har na koyar da shi, na karanta wa mutane wasiƙu ba iyaka. Ɗalibai, kada ku raina harshen da ake koya muku, ba ku san takardar da za ta zo ƙofar gidanku da shi ba. In kuma ba ku iya ba, ku faɗa a take, ko gari duka na kallo. Wasiƙar tana nan wurina. Layi bakwai ce, yanzu ina karanta ta cikin minti ɗaya.