Taɓare Huɗu, Turmi Ɗaya

Jajiberin wata babbar Sallah, ina 'yar shekara tara, Goggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta miƙo min taɓarya a tsakar gidanmu na Ƙofar Dumi. An kawo gero daga gonarmu ta Zungur, fura kuma ake so kafin la'asar. Mu huɗu aka tsayar a turmi ɗaya, ni ce ƙarama. A gidanmu yarinyar da ba ta shiga dakan huɗu ba, shara da korar kaji ne aikinta. Ni kuwa na gaji da kaji.

Ƙarfi ina da shi, hankali ne babu. Na ɗauka wadda ta fi sauri ita ta fi iyawa. Ban kai bugu goma ba taɓaryata ta gwabza da ta yayata, turmi ya kife, gero ya watse, kajin nan da nake kora suka yi Sallarsu tun ranar. Goggo ba ta dake ni ba. Ta sa na tsince geron tas, ta mayar da ni bakin turmi, ta tsaya bayana tana tafi, ta ce, "Ba hannunki za ki bi ba, kunnenki." Matar nan ko biro ba ta taɓa riƙewa ba, amma daga madafa take jin wadda ta yi gaba, ta kira sunanta ko waiwaye babu. Ta rage wa wannan, ta ƙara wa waccan, har bugun ya zama ɗaya.

Bana jikata Hafsatu, mai karatun injiniya, ta zo gidana na Ɗan Iya da ɗan jirgin da ta haɗa da hannunta, mai farfela huɗu. Kowace farfela da injinta, kowane inji da ɗan allo kamar akwatin ashana, wanda ta liƙa wa wayoyi da dalma, shi ke ce masa ƙara gudu ko rage. Mako guda tana fama. Da ya ɗaga sai ya kife. Ranar Litinin malamanta za su gani, in bai tashi ba sai baɗi.

Ina kan tabarma ina sauraron kukansa, na ce, "Ke, na hagun nan na baya, ni ce. Gaggawa gare shi." Ta ce, "Kaka, ke da kika koyi abacada da furfura?" Na ce, "Auna dai." Ta auna, ta ciro allon ta sake liƙi. Bayan la'asar jirgin ya tashi, ya tsaya cak saman igiyar shanya.

Yau turmin nan a kife yake, a kansa nake alwala, gero kuma sai injin niƙa. Amma yarinyar nan da dalma ta ƙera Goggo har guda huɗu. Da tana raye, daga madafa za ta ce bugun ya yi daidai.