Ƙafar da Za a Kai Yamai

A barandar asibitin Gaya, cikin masu jiran likitan fata da ya zo daga Yamai, akwai wata dattijuwa da Hamdiyya, ma'aikaciyar jinya, ta kasa daina kallo. Doguwa ce siririya, hannayenta sun yi kaushi irin na masu bandar kifi, amma atamfarta sabuwa ce fil, ko karin ninki bai baje ba. Daga ƙauyen Bana take, ko daga tsallaken gadar iyaka? Wa ya rako ta? Hamdiyya ba ta ga kowa ba.

Layi ya zo kanta, ta miƙa ƙafa a hankali kamar mai ba da ajiya. Likita ya ɗora ƴar na'urarsa mai fitila a kan baƙin tabon da ke diddigenta, wadda ke ƙara girman fata a allo har a gane ko tabo na mugun ciwo ne. Sai dai allon ya rine ja wur. Tafin ƙafar ya sha lalle.

"Inna, ƙunshi kika yi?" in ji Hamdiyya.

"Ɗiyata, an ce hoto za a ɗauka a kai Yamai. In tura musu ƙafa duk faso?"

Likita ya ce sai lallen ya goge zai iya gani, ga shi jibi zai koma. Dattijuwar ta matso, ta daɗe tana kallon diddigenta da ya cika allo.

"To, Allah ya kai mu," ta ce. "Amma dai lallen ya kama, ko?"