Da Aka Ce Kowa Ya Koma Ofis

Ɗana na fari yana aiki da wani babban kamfanin hada-hadar kuɗi a Legas. Lokacin korona suka ce kowa ya yi aiki daga gida, sai ya ɗauko kwamfutarsa ya dawo Faskari. Mun zaci wata biyu zai yi. Ya kusa shekara uku tare da mu, ban da watannin da aka yanke layin waya, da ya koma Zariya wajen abokinsa.

A zaure ya kafa teburinsa. Sama riga mai kwala, ƙasa wandon kaftani da silifa, tunda kwamfutar kafaɗa kawai take nunawa. In suna taro, ni ne mai korar awaki daga bakin ƙofa. Taubashiyarsa takan leƙo ta ce, “Manajan zaure, yau nawa aka kora?” Shi kuma ya ce saura ita.

A shekara ta biyu mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki. Shi ke ɗauke ta ya kai ta inuwar darbejiya, shi ke ba ta koko da cokali tsakanin taro da taro. Matar da ba ta taɓa faɗin sunansa ba, don kunyar ɗan fari, sai ga shi tana buɗe masa baki kamar jinjira. Ni ma haka na taso. Ba na cin abinci tare da shi, ba na doguwar hira da shi. In ina da magana, ta bakin uwarsa take bi, kuma yanzu bakin ya karkace.

Sai saƙo ya zo cewa kowa ya koma ofis, kwana huɗu a mako. Akwai kati da ake gogawa a bakin ƙofa, da shi suke sanin wanda ya zo. Ya rubuta musu yana roƙon a bar shi a gida, ya haɗa da takardar likitan mahaifiyarsa. Shugabansa ya ce ya tausaya masa ƙwarai, kuma ba a taɓa kuka da aikinsa ba, amma in aka ɗaga wa mutum ɗaya kowa zai nema. Wai zama wuri guda ne ke haɗa kan ma'aikata.

A gona ya same ni, ta hanyar Daudawa, ina karyar masara. Ya durƙusa a kan kunya.

“Baba, in kun ce in zauna, zan zauna. Aiki ba ya ƙarewa.”

Allah ya sani abin da nake so ke nan. Amma ban taɓa jin uba ya ce wa ɗansa na fari yana bukatarsa ba. Na ci gaba da ɓare masarar da ke hannuna, na ce wannan tsakaninsa ne da masu kamfanin. Ya daɗe a durƙushe yana jira ko zan ƙara wani abu. Daga baya ya ce to, ya tashi.

Da ya koma Legas, kullum in ya fito sallar azahar yakan kira, in riƙe wa uwarsa wayar. Ya gaya mini a ofishin ma ta kwamfuta suke taro, abin ji a kunne, domin abokan aikinsa suna Abuja da Fatakwal. Ya goga kati, ya hau bene, ya yi abin da yake yi a zaurena.

Ita kuwa ta rage ci. In na kai cokali sai ta kau da kai, ta dubi ƙofa. Bayan wata huɗu, wata Talata da hantsi, ta cika. Na kira shi sau biyar, wayar a kashe, suna taro. Na zauna na rubuta masa saƙo da kaina, yadda aka koya mana a ajin manya. Kafin ya gani mun dawo daga maƙabarta.

Washegari da la'asar ya iso. Kwana uku suka ba shi. Ranar sadakar uku na raka shi tasha, abin da ban taɓa yi ba. Muna tsaye ana ɗaure kaya, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

“Baba, ran nan a gona, me kuka so in yi?”

Na ce masa ya shiga, kada a cike masa gurbi. Ya shiga ya zauna ta taga, na yi masa Allah ya kiyaye hanya, na juya tun motar ba ta tashi ba.