Mai Gyara a Ƙarƙashin Tebur

Sakatariyar asibiti tana kallon matar da aka kira gyara: gajera, gilashi a goshi, mayafi a ɗaure a ƙugu. Tun safe kwamfutoci sun kasa nemo sunan majiyyaci ko ɗaya, layi har waje. Matar tana durƙushe, tana bin wayar babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, da natsuwar wadda ta saba gyara ɓarnar ƙanne a gida.

"Yaya, wa ke zare wannan ya jona butar shayi?" in ji mai gyaran, tana ɗaga wayar.

Sakatariya ta sunkuyar da kai.

"Kwantar da hankalinki, sunayen na nan. Ana tsakar adanawa wuta ta yanke, jerin da ke nuna wurin kowanne ya hargitse. Zan sake jera shi. Butar dai, ki canza mata gida."