Neman Taransifomar Jita a Kaikai

Kankia

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na fito da jakar kayan aikina. Gyaran rediyo ne sana'ata. Yayana Sani ya daɗe yana kaɗa jita a bukukuwa, sai amfilifayarsa, wato na'urar ƙara sauti, ta ƙone, ga bikin ɗiyar amininsa ranar Asabar. Na haɗa masa wata da hannuna, irin ta da, mai kwalabe masu ɗaukar zafi. Kwalbar farko tana ɗaga muryar jita lafiya lau. Matsalar tana wajen fita: kwalbar ƙarshe ba ta iya tura lasifika sai da ƙaramar taransifoma a tsakaninsu. Aka ce wani Malam Audu a Kaikai yana da tsohuwar rediyo mai irinta.

Kusada

Motar Kusada ta cika da ƙarfe bakwai saura kwata. A shingen hanya wani jami'i ya buɗe jakata, ya ɗaga kwalba ɗaya yana haska ta a rana.

"Fitila ce?"

"Ta jita ce, ranka ya daɗe."

Ya mayar da ita a hankali, ya ce mu wuce. Na sha koko da ƙosai a tashar Kusada, na hau ɗan acaɓa.

Kaikai

Takwas da kwata Malam Audu ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ya kai ni ɗakin ajiya. Rediyon marigayi mahaifinsa ce. Na leƙa bayanta, sai ga kaza kwance kan ƙwai a cikinta.

"Ita ba ta cikin maganar," in ji shi.

Daga tsakar gida matarsa ta ce, "Malam, kada a tashe ta."

Haka na yi aikin. Na kwance noti huɗu ta gefen fiffikenta, ta sare ni sau biyu a yatsa. Na ɗora mitar awon wuta a kan taransifomar, wayoyinta duka lafiya, kuma daidai take da lasifikar Yaya. Na sa hannu aljihu, Malam Audu ya girgiza kai.

"Bar shi, ɗana. In ta yi magana, a jiyar da ni."

Komawa gida

Azahar ta same ni a shago. Na liƙa wayoyi, na rage wutar kwalbar ƙarshe don kada ta yi ja, na jira ta ɗumama. Yaya ya jona jita, ya taɓa tsirkiya ɗaya, sannan ya gyara zama. Na kira Malam Audu, na kara wayar a bakin lasifika. Yaya ya yi kiɗi kamar na minti uku.

"Kuna ji, Baba?"

"Ina ji. A hannun tsohonmu ta fi ƙara," in ji shi. "Amma muryar ita ce. Ce mashi ya ƙara."

Yaya ya ƙara. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya, na kuma gode wa mutanen Kaikai. Yatsana ya warke ranar Juma'a.