Babban Yatsan Inna Adawiyya

A Djougou, duk wanda ya taɓa sayen goro a bakin tsohuwar kasuwa ya san Inna Adawiyya. Kakanninta fataken goro ne da suka sauke kaya a garin, suka ga wurin zama, ba su sake ɗauka ba. Abu biyu ta gada a gidansu: iya zaɓen goro da iya maganin maɗiga. In jariri ya yi zazzaɓi, tsakar kansa ta loɓa, sai a kawo mata. Ta aske wurin, ta kwaɓa wani baƙin gari da man kaɗanya, ta shafe maɗigar da babban yatsanta. Wasu sun warke, ko don maganin, ko don dama kwanansu na gaba. Ita dai ba ta taɓa tsayawa tambaya ba, kuma wanda ya tambaye ta ya sha baƙar magana.

Shekara takwas ke nan da 'yarta Housseina, wadda ke aure a Banikanni cikin Parakou, ta kira ta a waya tana kuka. Jaririyarta Khalida, mai wata bakwai, ta ƙi nono, jiki zafi rau, ga wani irin kuka mai tsini da ba ta taɓa ji ba. Inna ta ƙulle garinta a gefen zane ta hau mota.

Ta tarar da Housseina ta goya yarinyar, za ta asibiti.

“Sauke ta,” in ji Inna. “Ku yaran yanzu, ko atishawa aka yi sai lopital. Maɗiga ce da haƙori.”

Ta aske kan, ta ɗora yatsa. A nan ta ji abin da ba ta taɓa ji ba a kan ɗaruruwan jariran da ta taɓa. Maɗigar ba ta loɓa ba. Ta kumbura ne, ta yi tauri, tana bugawa tana ture mata yatsa. Amma ga maƙwabta sun cika ɗakin suna kallon gwanar Djougou, ga surukinta Rachidou ya ajiye babur ɗinsa na haya yana jira. Sai ta shafe wurin da baƙin magani, ta ƙara kauri, ta ce a ba shi kwana uku.

A rana ta uku Khalida ta sanƙare, wuyanta ya ƙage baya. A asibiti aka ɗebi ruwa a gadon bayanta, ya fito fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Likita ya ce sanƙarau ne, na wata ƙwayar cuta da ake kira Haemophilus, wadda allurar rigakafin jarirai ke tarewa. Ya duba katin yarinyar ya ga allura ɗaya kawai aka yi mata. Sannan ya kankare baƙin maganin da auduga, ya dubi Inna.

“Mama, tun yaushe kan nan ya kumbura?”

“Ban lura ba,” in ji ta.

Khalida ta rayu, amma cutar ta tafi da kunnuwanta duka biyu. Abin da ya fi ci wa Inna rai shi ne godiyar Housseina. Ko'ina ta zauna sai ta ce maganin Inna ne ya riƙe yarinyar har aka kai asibiti. Inna ta yi shiru ta karɓi godiyar, shekara da shekaru.

Yatsan ne bai yi shiru ba. Tana zaɓen goro, ta danna ɗaya don jin taurinsa, sai ta ji yana bugawa. Tana jan carbi, haka. Ta daina maganin maɗiga, ta ce hannunta ke ciwo. In Khalida ta zo hutu, Inna kan manta ta kira ta daga baya, yarinyar na can tana tsintar ganyen goro, ko motsi ba ta yi. Duk lokacin sai Inna ta ji kamar yau ne abin ya faru.

Bara Housseina ta zo gida da Khalida wankan jego, ta haifi namiji, aka sa masa Ziyad. Ana saura kwana biyu arba'in, da hantsi, ta fito tsakar gida da shi yana wannan kukan mai tsini. Inna ta gane kukan tun kafin ta juyo.

“Inna, ki kwaɓa masa. Na san kin bari, amma wannan naki ne. In zazzaɓin bai sauka ba jibi sai mu je asibiti.”

Inna ta ɗora yatsa. Yana bugawa, kuma wannan karon ba yatsan ne ke mata gizo ba.

“Ɗauki mayafinki. Asibiti, yanzu.”

“Haba Inna, ai da maganinki Khalida ta…”

“Maganina bai riƙe Khalida ba.” Inna ta katse ta. “Na ji kanta a kumbure tun ranar farko. Na san ba irin wanda na sani ba ne. Kunyar mutane ta sa na rufe shi. Kwana ukun nan ni na ci su, Housseina. Ni na ci mata kunne.”

Housseina ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi kuka ba. Ta goya Ziyad, ta fita ta tsayar da babur.

Sanƙarau ne, amma an kama shi da wuri. Kwana goma ana yi masa allura, ya tashi da kunnuwansa, ko cokali ya faɗi sai ya zabura. Daga asibiti Rachidou ya zo ya kwashe su zuwa Parakou. Housseina ta shigo gidan Inna ɗaukar kayanta kawai, ta kama hannun Khalida suka nufi ƙofa.

Inna ta biyo su har zaure ba takalmi, ta kira sunan 'yarta sau uku. Khalida ba ta waiwayo ba, don ba ta ji. Housseina ta ji sarai.